Dashe a Hurumin Titi

Ku da kuke tsayawa da baburanku a gaban rumfata kuna cewa, "Baba Iro ya huta, ya zuba ƙasa a leda ya koma inuwa, itace na girma da kansa," ku kashe injin ku zauna a bencin nan. Ba fushi nake yi ba. Ni ma haka na ɗauki sana'ar lokacin da nake kamarku, har sai da na shige ta, bayana ya gaya mini gaskiya.

Sunana Ibrahim, amma a Daura in ba ka ce Iro Mai Dashe ba, babu wanda zai nuna maka ni. Ƙananan itatuwa nake reno a leda ina sayarwa: mangwaro, gwaiba, lemu, kashu, zogale, darbejiya, turare, tsamiya, da duk abin da ƙasarmu za ta iya riƙewa.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan tankaɗe ne. Maigidana Baba Gambo tsohon leburan gandun daji ne, yana da lambu a wata fadama ta wajen Sandamu. Ranar da mahaifina ya kai ni, ina ta leƙen wuƙar da ke rataye a wuyansa, domin na ji labarin yana aurar da mangwaro. Sai ya miƙo mini wata ƙatuwar rariya ta waya, ya nuna mini tsibin ƙasa ya ce, "Ga amaryarka nan." Na yi rani guda cur ina tankaɗe. A nan na koyi cewa ƙasar leda haɗi ce kamar miya: ƙasar gona, da yashi, da takin da ya gama ruɓewa. In yashi ya yi yawa ruwa ya wuce, in ya yi kaɗan saiwa ta shaƙe. Taki kuwa, Baba Gambo cusa hannu yake yi cikin tsibin har gwiwar hannu. In ya ji ɗumi sai ya ce, "Bai huce ba tukuna, zai ƙona musu ƙafa." Yadda ake gane haɗi ya yi, ka jiƙa ka dunƙula a tafin hannu. Ya kamata ya tsaya dunƙule, amma in ka ɗan taɓa shi da yatsa ya wargaje.

Daga tankaɗe aka ƙara mini girma zuwa ban ruwa. Kada ku yi dariya, girma ne. Buta biyu masu kan huji, ɗaya a kowane hannu, daga rijiya zuwa layi, safe da yamma. Ba a ba su ruwa da tsakar rana, kuma ba kowa ake ba daidai da kowa ba. Gwaiba mashayiya ce, zogale kuwa in ka cika masa ruwa sai ya ruɓe yana kallonka. Sannan akwai aikin da babu wanda yake gani daga kan babur, wato ɗaga leda. Kowace leda sai an ɗaga ta lokaci zuwa lokaci an sauya mata wuri, don in ka bar ta, saiwa za ta huda gindi ta shige ƙasa. Ranar da mai saye ya zo ka fizge, ka tsinke mata rai, ya kai gida ta bushe, ya ce kai macuci ne. Ku riƙe wannan magana ta ɗaga leda, za ta yi amfani a gaba.

Sai a shekara ta biyu Baba Gambo ya bar ni na taɓa wuƙa. Ga yadda auren mangwaro yake. Ka shuka ƙwallon mangwaron gida, mai zaren nan da ba ya tsoron fari, ka rene shi har ya kai kaurin fensir. Sai ka sare kansa, ka tsaga shi a tsakiya kaɗan. Ka yanko ɗan reshe daga itacen da kake son irinsa, ka fere gindinsa gefe biyu, ka cusa cikin tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo. Ka ɗaure tam da zaren leda, ka kifa masa farar ledar ƙanƙara don kada iska ta busar da shi. Daga nan sai haƙuri. Ba a girgiza shi, ba a ɗaga shi, ko akuya ba a bari ta yi atishawa kusa da shi, har sai ya kama ya fid da sabon ganye.

Auren da na fara yi duk ya mutu, layi guda. Baba Gambo ya karɓi wuƙata ya shinshina, ya ce, "Iro, me ka yanka da ita?" Na ce rake na fere jiya, sai kuma albasar kwaɗo. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce wuƙar aure ba ta da wani aiki a duniya sai aure. Ya wasa mini wata a dutse, ya goge ta a fatar tsohon takalmi har ta aske gashin hannunsa, ya ce in sake. Da safen da na ɗaga ledar ƙanƙara na ga jan ganye ƙarami ya ɓullo a kan reshen da na ɗaura da hannuna, na yi ihun da masu ban ruwa a lambun maƙwabta suka yo gudu da sanduna, sun zaci maciji ne.

Kayan aikina ba su da yawa, kuna ganinsu. Wuƙa, almakashin sassabe, rariya, shebur, baro, buta biyu, da wani guntun bututun roba da nake cika leda da shi. Baron nan ya girmi wasunku. Na sauya masa taya, na sauya masa hannu, na sauya masa kwano, amma har yanzu ina ce masa tsohon barona.

Da na samu 'yanci, Baba Gambo ya ba ni rassa daga mangwaronsa mai suna binta suga, ya ce in je in nemi bakin hanya, domin dashe sai ido ya gani zuciya take so. Na zo na samu wurin nan, gefen titin da ya ratsa unguwarmu ya je ya haɗu da hanyar Kongolam. A lokacin juji ne. Toka, tsumma, mataccen kaza, babu abin da babu. Na je wurin mai unguwa na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya ce mini, "Iro, wurin nan hurumin titi ne. Ba nawa ba ne balle in ba ka. In ka share ka zauna ba zan hana ka ba, amma ranar da hukuma ta buƙaci abinta, ka tashi ba gardama." Na ce na ji na yarda. Na kwashe jujin da baro, na haƙa 'yar rijiya daga baya, na jera ledoji. Itace ɗaya kawai na dasa a ƙasa, binta sugar nan ta Baba Gambo, don ta zama uwar da zan riƙa yankar rassan aure a jikinta.

Ba a daɗe ba na samu maƙwabta. Daga dama Sani mai faci ya kafa injin iskarsa. Daga hagu Inna Tabawa, wadda gidanta ke bayanmu kaɗan a gangare, ta fito da murhunta tana tuyar ƙosai. Mu uku muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Wanda ya tsaya faci sai ya ci ƙosai, yana ci idonsa ya faɗa kan gwaiba, ya tafi da biyu a bayan babur.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai wani bawan Allah da ya sayi lemu ya dawo bayan damina ransa a ɓace, wai na sayar masa da itacen da ba ya girma. Na hau bayan babur ɗinsa muka je gidan. Na tona gindin, sai ga lemu zaune cikin ledarsa lafiya lau, yadda na ba shi. Ya ce ai ya zaci ledar rigarsa ce. Tun daga ranar duk wanda ya saya sai na ce masa, "A cire leda," ko da farfesa ne. Akwai wani makiyayi daga wajen garin Babban Mutum da ya ce in ba shi itacen da akuya ba ta ci. Na ce masa, "Malam, in ka samo shi ka kawo mini iri." Muka rabu a kan darbejiya da shawarar ya kewaye ta da ƙaya. Akwai mutanen ƙetare da ke shigowa ta Kongolam, su ɗaure mangwaro mai aure a kwali, su lulluɓe shi da rawaninsu, su kuma su tafi kai a buɗe cikin rana. Akwai malaman da ke saye don dasawa a maƙabarta da bakin masallaci, suna neman lada mai gudana. Waɗannan ban taɓa barinsu su tafi ba tare da gyara ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya, ruwa ya sauka da wuri kowa ya yi murna, sai ya ɗauke. Rijiyata ta janye har guga na dawowa da laka. Ina cikin wannan sai fara ta sauka. Da hantsi na ga kamar hayaƙi daga arewa, kafin la'asar zogalena ya koma tsinke. Ta ci lemu, ta ci gwaiba, ta ci har ɓawon kashu. Darbejiya kaɗai ta bari, ita ma don ɗaci. Na ɗauki hayar kura ina jido ruwa daga nesa, kuma ruwan ba ya isa kowa, dole na tsaya a kan layi ina zaɓen wanda zai sha da wanda za a bari. Abin da ya cece ni maƙwabta ne. Inna Tabawa ta daina zubar da ruwan wankin wakenta, kullum sai ta aiko mini da shi a bokiti. Sani ya riƙa juye mini ruwan bahon da yake gwada tayoyi. Da wannan na riƙe uwar binta suga da 'yan layuka kaɗan. Da damina ta zagayo, kututturan da na fid da rai da su suka riƙa tsirowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai ga wannan ba bai san daɗin sana'ar nan ba.

To, yanzu ga maganar da kuka ji ana yi a gari, wadda wasunku suke cewa wai an kori Baba Iro, wasu kuma wai Baba Iro ya kayar da hukuma. Duka biyun ba haka ba ne. Ku ji yadda aka yi.

Gari ya ƙaru, an yi gine-gine a inda ruwa yake bi da, titinmu kuma ba shi da lambatu. Duk damina ruwa sai ya taru ya gangara cikin gidajen da ke bayanmu. Wata shekara aka yi ruwa mai ƙarfi, ya shiga gidan Inna Tabawa har ɗaki, ya jiƙa mata buhun wake da katifa, ya kayar da katangar maƙwabcinta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Mutanen unguwa suka kai kuka ƙaramar hukuma, aka amsa za a yi lambatu.

Wata safiya da bazara ina ɗaure aure, sai ga mota ta tsaya. Wata mata ta fito da hular kwano a kan mayafinta, da mutane biyu masu igiyar awo. Ta gaishe ni da ladabi ta ce ita ce Injiniya Rabi daga sashen ayyuka. Suka ja igiya, suka kafa turaku masu jan ƙyalle. Na bi turakun da ido, sai na ga sun ratsa ta tsakiyar layukan da na gama aurarwa kwanan nan, waɗanda manoman Sandamu suka ce in tanadar musu. Turke ɗaya kuma a gindin uwar binta suga aka kafa shi.

Na ce, "'Yata, nan ruwan zai bi?"

Ta ce, "Nan ne gangarensa, Baba. In na kauce, gidajen can za su ci gaba da sha. Amma ba ni ke yanke hukuncin zamanku ba. Majalisa za ta zauna a kai, za a kira ku."

Bayan kwana kaɗan mai unguwa na yanzu ya zo ya ce mu uku ake nema, ni da Sani da Inna, domin dukkanmu a hurumin titi muke. Kansiloli za su duba ko a tashe mu gaba ɗaya, ko a bar mu da sharaɗi.

Ranar zaman na sa babbar rigata, na ɗauki mangwaro ɗaya da aurensa ya riga ya kama, don in nuna musu abin da ake magana a kai. A bakin ƙofa masinja ya tare ni ya ce, "Baba, ba a shiga da toshiya." Na ce, "Shaida ce, ba toshiya ba." Ya ce to shaidar ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Muka shiga, fanka na juyawa, kansiloli sun kewaye dogon tebur, shugaban majalisa a tsakiya.

Injiniya Rabi ta fara bayani. Ta ce lambatun zai cinye rabin gaba na hurumin. Rabin baya zai saura, amma ana son a bar shi yadda masu yashe lambatu za su iya shiga. Ta ce babban itace kusa da lambatu saiwarsa fasa siminti take yi, don haka mangwaron da ke ƙasa dole ya tafi.

Sai wani kansila mai suna Bala ya miƙe. Mutum ne mai kaifin baki, kuma ban ji daɗin maganarsa ba a lokacin, amma ba ƙarya ya yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun sha gani. Yau leda ce, gobe rumfar kwano, jibi shagon bulo a kan lambatu. In muka bar mutum ɗaya, da wane baki za mu hana na biyu? Hurumin titi na kowa ne. A share shi kawai."

Kansilan mazaɓarmu, Malam Sabi'u, ya ce, "Ni a unguwar na tashi. Kafin Baba Iro wurin nan juji ne. Ku tashe su yau, wallahi kafin damina biyu ya koma juji, kuma sharar a cikin sabon lambatunku za ta ƙare. Wurin da babu mai kula da shi, shi ake zuba wa shara."

Aka yi ta ja, wannan ya faɗa wancan ya faɗa. Sai shugaba ya ce a ji daga bakinmu. Inna Tabawa ta riga kowa tashi, ta gyara lulluɓinta. Na zaci za ta roƙa mana. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, murhuna yana kan layin, ku rushe shi. Iro ɗan'uwana ne, mun fi shekara ashirin muna raba inuwa ɗaya, amma in zamansa zai hana lambatu, ku tashe shi, ku tashe ni. Na gaji da kwashe ruwa da ƙwarya a ɗakina." Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Ka yi haƙuri, Iro."

Na ce, "Inna, gaskiya kika faɗa."

Da aka zo kaina, na ce wurin ba nawa ba ne, tun ranar farko an gaya mini, kuma ban zo gardama ba. Abu biyu nake roƙo. Na farko, a ba ni lokaci auren da na ɗaura ya kama, domin in aka ɗaga su yanzu duk za su mutu. Na ɗago shaidata na nuna musu inda aka ɗaure. Na biyu, in akwai hali a bar ni a rabin baya, tunda kayana duk a leda suke, ba gini ba ne, ranar da aka ce a ɗauke za a ɗauke.

Kansila Bala ya ce, "Baba, kai mun yarda da kai. Ranar da ba ka, 'ya'yanka za su ce gado ne."

Na ce, "To a rubuta cewa ba gado ba ne, in sa hannu, su ma su sa."

Sani mai faci, da aka tambaye shi, cewa ya yi shi dai duk inda za a kai shi, a tabbata akwai ƙusa a hanyar. Aka yi dariya har shugaba ya buga tebur. Aka ɗage zaman, aka ce kwamiti zai zo ya gani da ido.

Suka zo kuwa, da rana tsaka, su biyar da injiniya. Kansila Bala ya shiga cikin layuka yana duba ko ledojin da gaske suna ɗaguwa, ko sun kafe a ƙasa na ɓoye. Ya ɗaga ta gwaiba, ta taso. Ya je can ƙarshe ya ɗaga ta kashu, ta taso. Ya zaɓi wata tsamiya a lungu, ita ma ta taso. Ya kaɗe hannunsa ya ce, "To, wannan kam gaskiya ne." Daga nan ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Baba, lemun gidana shekara da shekaru sai ganye, ba ya 'ya'ya. Mene ne?" Na ce sai na gani. Ya ce sai bayan an gama wannan magana zan je, don kada a ce wani abu. Na ce haka ya dace.

Injiniya Rabi ce ta warware maganar lokaci. Ta ce ai dama haƙar lambatu daga gangare ake faro ta a hauro, don ruwa ya samu mafita ko da an yi ruwan bazata. Wurina yana can sama, kafin leburori su iso ni aurena ya kama. Ta ce abin da ba za ta iya ba shi ne ceton uwar mangwaron. Na ce na sani.

A zama na biyu aka yanke. Za a yi lambatu yadda aka auna. An ba mu izinin zama a rabin baya, na shekara-shekara, ana sabuntawa. Ba bulo, ba siminti, ba dasa itace a ƙasa. Kowa shi zai riƙa yashe lambatun da ke gabansa, wanda ya bari ya toshe a karɓe izininsa. Sharaɗin ƙarshen nan Kansila Bala ne ya kawo shi, kuma da shi ya ɗaga hannu ya yarda. Sani aka mayar da shi kusa da mahaɗa, saboda masu faci suna tare hanya. Ya yi gunaguni kwana biyu, daga baya ya gano motoci sun fi tsayawa a can, ya daina gaishe mu da fuskar tausayi.

Uwar binta suga kuwa, ta yi 'ya'ya a shekarar kamar ta san ta ƙarshe ce. Kafin a sare ta na bi ta reshe-reshe, duk wanda ya isa aure na yanke shi na ɗaura a kan 'yan mangwaron gida, har wuƙata ta dakushe na sake wasawa. 'Ya'yan kuma muka kaɗe su tas, aka raba gida-gida a unguwa, leburorin lambatu ma suka samu rabonsu. Da mai zarto ya zo, na tafi rijiya na yi ta jan ruwa har ya gama. Kututturen aka yi benci da shi. Shi ne wannan da kuke zaune a kai.

Ranar matsawa ban nemi kowa ba, amma da hantsi sai ga mutanen unguwa sun fito, maza da mata. Aka yi layi kamar masu miƙa tubali, leda na bin hannu daga gaba zuwa baya. Ni ina tsaye ina ta ihu, "A riƙe ta gindi! Ba a ɗaukar ta a wuya!" Liman ya zo ya karɓi baro. Inna Tabawa ta soya ƙosai ta ce yau babu na sayarwa. Kafin azahar an gama, kuma cikin duk waɗanda aka aurar 'yan kaɗan ne suka karye. Manoman Sandamu suka zo suka kwashi nasu da ruwan farko.

Wurina ya ragu, ba zan ɓoye muku ba. Turare da darbejiya na mayar da renonsu gida, nan sai samfuri. Kuma yanzu ina da sabon aiki a kan na da, duk safiya sai na shiga lambatu da shebur na kwashe ledojin ruwa da yashi. Amma masu saye sun ƙaru, domin an ɗora 'yar gada a gabana, mota tana tsayawa ba ta tsoron laka. Lemun Kansila Bala ma na je na gani. Inuwar katanga ce ta rufe shi, ga taki ya yi masa yawa. Muka sassabe shi, bana ya aiko mini da kwandon lemu.

Ruwa mai ƙarfi na farko bayan an gama aiki da la'asar ya sauko. Muka fake a rumfata, ni da Inna da wasu masu wucewa. Muna kallo ruwa ya taho daga sama jajawur, ya faɗa lambatu, ya bi ta gabanmu da gudu yana ƙara, ya wuce. Da aka ɗauke Inna ta tafi gida, can sai ga ta ta dawo, ta ɗaga mini ƙafarta ta ce, "Iro, dubi. Daga tsakar gida nake. Ko silifa bai jiƙe ba."

Sai ta shiga cikin layuka tana dubawa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ashe duk shekarun nan ba ta taɓa dasa ko zogale a gidanta ba, saboda ta san ruwa zai kwanta ya kashe shi. Ta tsaya a kan wata 'yar tsamiya ta ce wannan take so, don kunu.

Na ce, "Inna, ki ɗauki mangwaro mai aure ko gwaiba, su ne masu sauri. Tsamiya tana daɗewa ƙwarai kafin ta yi 'ya'ya."

Ta riƙe ƙugu ta ce, "Iro, tun ina amarya a gidan nan nake jiran lambatu, kuma ga shi na gani. Tsamiya ce za ta gagare ni jira? Ɗauko shebur."

Na ɗauko shebur na bi ta. Tsamiyar yanzu ta kai ƙirjina, kuma Inna ta riga ta sayi sabuwar tukunyar kunu.